Darasi na Goma Sha Huɗu: Bakin Busa da Kayan Busa na Tagulla

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda sauti yake fita daga kayan busa na tagulla;
2. faɗin sunayen sassan bakin busa da aikin kowannensu;
3. bambanta turamfet da konet;
4. amfani da sunaye masu farawa da "ma-" a cikin jimla.

KARATU

A faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, da na bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 'yan badujala ne sukan shige gaba, ɗalibai suna biye da su suna taka sawu. Idon mai kallo yakan tsaya a kan manyan kayan busa da suke walƙiya a rana. Ba kasafai ake lura da wani ɗan ƙarfe da yake tsakanin leɓɓan mabushi da abin busarsa ba. Tsawonsa kamar na yatsa ne, kuma yana shiga aljihu. Sunansa bakin busa. Idan aka zare shi, ko gwanin gwanaye ne da wuya ya fitar da sauti mai daɗin ji. Saboda haka duk mai son ya koyi busa, daga wannan ɗan ƙarfe ya kamata ya fara.

Waɗanne ne kayan busa na tagulla?

Tagulla gauraye ce ta jan ƙarfe da tutiya. Wadda aka fi ƙera kayan busa da ita tana da kashi 70 cikin ɗari na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Daga cikin kayan da ake ƙerawa da ita akwai turamfet, da konet, da begila, da turambon, da ƙahon Faransa, da kuma babbarsu wadda ake kira tuba.

Sai dai masana kiɗa ba ƙarfen suke dubawa ba idan za su sa abin busa cikin wannan dangi. Abin da suke dubawa shi ne inda sauti yake farawa. Duk abin busar da sautinsa yake farawa daga karkarwar leɓɓan mabushi, ɗan wannan dangi ne. Don haka ƙahon dabba da farai na itace duk suna ciki, ko da yake babu tagulla a jikinsu. Saksofon kuwa, wanda Adolphe Sax ya yi wa rajista a shekarar 1846, da tagulla ake yin sa, amma ba ya cikin dangin, domin wani siririn falle na kara ne yake karkarwa a bakinsa. Haka ma algaita, ɗan tsinken da ake sa mata a ka shi ne yake ba da sauti.

Yadda sauti yake fita

Mabushi yakan haɗe leɓɓansa kamar mai shirin furta harafin "m", sa'an nan ya turo iska ta tsakaninsu. Iskar takan sa leɓɓan su riƙa buɗewa suna rufewa da sauri ƙwarai. A sautin "do" na ƙasa na turamfet, leɓɓa sukan buɗe su rufe kusan sau 233 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan karkarwa ita take kaɗa iskar da take cikin bututu, faffaɗan bakin da yake ƙarshen bututun kuma ya watsa sautin ga masu sauraro.

Idan mabushi ya tsuke leɓɓansa ya kuma ƙara saurin iska, sauti yakan hau sama ya yi siriri. Idan ya sassauta, sai ya sauko ya yi kauri. Amma bututu mai tsawo ɗaya ba ya karɓar kowane sauti, yana da 'yan sautukan da ya yarda da su. Begila misali ce mai kyau. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, saboda haka sautuka biyar ne aka saba fitarwa da ita: do, so, do, mi, so. Da waɗannan kaɗai ake yin busar da take tayar da sojoji a bariki da masu yi wa ƙasa hidima a sansaninsu.

Kakakin sarakuna

Busa da dogon ƙarfe ba baƙon abu ba ne a Afirka. A kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a Masar a shekarar 1922, an sami irin waɗannan kayan busa guda biyu da suka haura shekara dubu uku. A ƙasar Hausa kuwa akwai kakaki. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa shi a fadar Kano. Tsawonsa yakan kai mita biyu, wani ma ya fi haka, kuma gaɓa-gaɓa ake haɗa shi. Sarakuna ake yi wa busarsa, musamman a hawan salla, kuma ana jin sa a fadojin Nufawa da na wasu sarakunan Yarabawa.

Kakaki, kamar begila, ba shi da maɓalli, don haka sautukansa kaɗan ne. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, mabushi yakan bi hawa da saukar kalmomi har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi wa sarki. Wannan ne ya sa ake kiran mai magana da yawun wata hukuma kakakinta, shugaban majalisar wakilai kuma kakakin majalisa.

Aikin bawul

Shekaru aru-aru maƙera suna neman dabarar da za ta sa abin busa ɗaya ya fitar da dukkan sautuka. A shekarar 1818 wasu mutum biyu a Jamus, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka yi rajistar bawul. Daga baya, a 1839, François Périnet na birnin Paris ya kyautata shi, kuma irin nasa ne yake jikin yawancin turamfet da konet na yau.

Aikin bawul shi ne ƙara wa iska tsawon hanya. Da a ce za a miƙar da bututun turamfet, da tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi. Idan aka danna bawul, sai iska ta ratsa ta wani ɗan bututu na gefe kafin ta dawo kan hanya. Duk lokacin da hanya ta ƙara tsawo, sauti yakan sauko. Bawul na biyu yana saukar da sauti da rabin mataki, na farko da mataki ɗaya, na uku kuma da mataki ɗaya da rabi. Ta hanyar haɗa su ana samun tsawo iri bakwai, waɗanda suke cike giɓin da begila ta bari. Turambon kuwa ba ya bukatar bawul, domin bututunsa ake ja gaba da baya. Tsawonsa ya kai kusan mita 2.7, na babbar tuba kuma ya haura mita biyar, shi ya sa muryarta ta fi ta kowa kauri.

Sassan bakin busa

Bakin busa yana da sassa biyar, kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne zobe, wato da'irar da leɓɓa suke zama a kanta. Zobe mai faɗi yana da daɗin ɗorawa a leɓe, kuma mabushi ba ya saurin gajiya da shi. Siririn zobe kuwa ya fi ba leɓɓa damar motsi daga wannan sauti zuwa wancan.

Na biyu shi ne ƙoƙo, wato ramin da leɓɓa suke karkarwa a cikinsa. Faɗinsa a turamfet yakan kama daga milimita 15 zuwa 17 da 'yan kai. Ƙoƙo mai zurfi yana ba da sauti mai kauri da taushi. Marar zurfi yana ba da sauti mai kaifi, kuma yakan taimaka wajen hawa sama.

Na uku shi ne maƙogwaro, wata 'yar kafa a ƙasan ƙoƙo wadda faɗinta bai kai milimita huɗu ba. Ita take ƙayyade yawan iskar da za ta wuce. Idan ta yi faɗi sauti yakan cika, amma numfashi yakan ƙare da wuri.

Na huɗu shi ne ramin baya, wanda yake farawa daga maƙogwaro yana buɗewa a hankali har ƙarshe. Na biyar kuma ita ce wutsiya, wato jikin da ake cusawa cikin bututun abin busa.

Da tagulla ake ƙera yawancin bakunan busa, sa'an nan a shafe su da ruwan azurfa, wasu kuma da na zinariya. Shafen yana kare fatar leɓe, domin tsurar tagulla takan sa wa wasu mutane ƙaiƙayi ko ƙuraje.

Turamfet da konet

Mai kallo daga nesa zai ɗauka abu ɗaya ne. Tsawon bututunsu ɗaya, bawul uku-uku gare su, kuma yatsun da ake dannawa ɗaya ne. Bambancinsu yana cikin siffar bututu. Na turamfet yana tafiya da faɗi kusan ɗaya na tsawon hanya kafin ya buɗe. Na konet kuwa ya fi farawa da tsukewa, yana kuma buɗewa kaɗan-kaɗan. Wannan ne ya sa muryar turamfet take da kaifi, ta konet kuma take da laushi. An fi naɗe bututun konet, don haka ya fi gajarta a hannu, kuma yara sun fi jin daɗin riƙe shi.

Bakunan busarsu ma sun bambanta. Wutsiyar na konet ta fi gajarta da siranta, saboda haka idan aka sa shi a turamfet sai ya riƙa lilo, na turamfet kuma ba ya shiga konet yadda ya kamata. Ƙoƙon konet na asali mai zurfi ne kamar mazurari, na turamfet kuwa ya fi kama da ƙaramar tasa.

A Faransa konet ya samo asali, wajen shekarar 1830. A can ne kuma Jean-Baptiste Arban ya wallafa littafinsa na koyar da busa shi a 1864, littafin da har yau masu koyon turamfet da konet suke amfani da shi. Louis Armstrong na Amurka da konet ya fara kafin ya koma turamfet. A Afirka ta Yamma turamfet ya yi fice a kiɗan hailaif, a hannun mutane irin su E. T. Mensah na Gana, da Victor Olaiya da Rex Lawson na Nijeriya. Fela Kuti ma turamfet ya busa lokacin da yake karatun kiɗa a Landan.

Zaɓen bakin busa

A jikin bakin busa akan ga lamba da harafi, kamar 7C ko 3C. Wannan tsari na Vincent Bach ne, wanda ya fara ƙera bakunan busa a birnin New York a shekarar 1918. A tsarinsa, idan lamba ta ƙaru faɗin ƙoƙo raguwa yake yi, wato 1C ya fi 7C faɗi. Harafi kuma zurfi yake nunawa: A ya fi zurfi, C matsakaici ne, E marar zurfi ne. Wasu kamfanoni suna da nasu tsarin dabam, don haka lamba ɗaya ba lallai ta nuna girma ɗaya a ko'ina ba. Masu koyo da yawa da 7C suke farawa, domin matsakaici ne ta kowace fuska.

Akwai kuskuren da sababbin mabusa suka cika yi. Idan sautin sama ya gagara, sai su ɗora laifi a kan bakin busa, su yi ta sauya wannan da wancan. Wasu kuma sai su danna ƙarfen a leɓe da ƙarfin tsiya. Wannan yana hana jini gudana, ya kumbura leɓe, wani lokaci har haƙori ya yanke shi ta ciki, ga shi kuwa leɓen shi ne jarin mabushi. Sauya bakin busa yana iya gyara launin sauti, amma ba ya maye gurbin atisaye. Minti ashirin kullum, tare da hutu a tsakani, ya fi awa uku a rana ɗaya cikin mako. Hausawa sun ce yau da gobe ita take sa allura ginin rijiya.

Kula da bakin busa

A wanke shi aƙalla sau ɗaya a mako da ruwa mai ɗumi da sabulu, a zura ɗan buroshi cikin maƙogwaro da ramin baya. A makarantun da ɗalibai da yawa suke amfani da abin busa ɗaya, kada wani ya ɗora baki sai an wanke, domin mura da wasu cututtukan baki suna iya yaɗuwa ta wannan hanya. Wanda yake da hali ya sayi nasa na kansa. A kurkure baki bayan cin abinci kafin a yi busa. Lokacin hunturu, da leɓɓa suke tsagewa, a sha ruwa sosai, a shafa man kaɗe da dare. Shi kuma bawul yana da mansa na musamman, kada a zuba masa man girki ko baƙin mai.

TATTAUNAWA

Ɗaliba: Gafarta Malam, bakin busata ya maƙale, ya ƙi fita.

Malam: Subhanallahi! Yaya aka yi ya maƙale?

Ɗaliba: Na buga shi da tafin hannu ne don ya zauna sosai.

Malam: To, kin ga abin da ya jawo. Ba a buga shi. Sa shi ake yi a hankali, a ɗan murɗa kaɗan, shi ke nan.

Ɗaliba: Ko in karɓo filaya wajen mai gadi, Malam?

Malam: A'a, kada ki kuskura. Filaya za ta kankare azurfar, tana kuma iya murɗe bututun ya ɓalle. Gyaran da zai ci kuɗi kaɗan sai ya koma mai yawa.

Ɗaliba: To, yanzu yaya za a yi? Ga fareti jibi.

Malam: Kwantar da hankalinki. Mai gyaran kayan busa yana da wata 'yar na'ura ta zare shi ba tare da lahani ba. Ki kawo mini bayan an tashi, zan kai masa.

Ɗaliba: Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri.

Malam: Amin. Gobe ki zo da wuri, sai ki yi atisaye da na makaranta, amma ki wanke shi tukuna.

MA'ANAR KALMOMI

badujala: ƙungiyar masu kiɗa da busa irin ta sojoji ko 'yan sanda
mabushi: mai busa
bututu: dogon abu mai rami a ciki wanda iska ko ruwa yake bi
karkarwa: motsi gaba da baya da sauri
tutiya: wani farin ƙarfe da ake gaurayawa da jan ƙarfe
mazurari: abu mai faffaɗan baki da tsukakken gindi na zuba mai a kwalba
kirari: kalmomin yabo da ake yi wa sarki ko jarumi
atisaye: maimaita aiki don a ƙware
maƙale: kama wuri a ƙi fita
lahani: ɓarna ko illa

TAMBAYOYI

1. Da waɗanne ƙarafa biyu ake yin tagulla?
2. Me ya sa saksofon da algaita ba sa cikin dangin turamfet?
3. Me yake faruwa ga sauti idan aka danna bawul? Me ya sa?
4. A zamanin wane sarki aka fara busa kakaki a fadar Kano?
5. Kawo sassa biyar na bakin busa, ka bayyana aikin guda uku.
6. Kawo bambanci biyu tsakanin turamfet da konet.
7. Tsakanin 1C da 7C wanne ya fi faɗi?
8. Me ya sa Malam ya hana ɗalibarsa amfani da filaya?

NAHAWU: SUNAYE MASU FARAWA DA "MA-"

Hausa tana ƙirƙirar suna daga aikatau ta hanyar sa "ma-" a farkon kalma. Irin wannan suna yana iya nuna mai yin aiki, ko abin da ake aikin da shi, ko wurin da ake yin sa.

Mai yin aiki (namiji, mace, jam'i):
busa: mabushi, mabushiya, mabusa
kaɗa: makaɗi, makaɗiya, makaɗa
ƙera: maƙeri, maƙeriya, maƙera

Abin aiki:
buɗe: mabuɗi
zurara: mazurari
duba: madubi

Wurin aiki:
karanta: makaranta
ƙera: maƙera
fara: mafari

A lura cewa a kalmar "mabushi" harafin "s" ya koma "sh" saboda wasalin "i" da ya biyo shi. Haka yake faruwa a "marubuci", inda "t" na "rubuta" ya koma "c".

AIKIN AJI

A. Cike gurbi da kalmar da ta dace: mabusa, maƙeri, mabuɗi, marubuciya, makaɗa.

1. ______ ya gyara mini fartanya.
2. ______ suna busa wa sarki kakaki.
3. Na ɓatar da ______ ɗakina.
4. ______ sun ɗauki gangunansu sun tafi gidan biki.
5. Yayata ______ ce, ta wallafa littafi biyu.

B. Mayar da waɗannan jimloli su zama hani ta amfani da "kada". Misali: Ka buga shi. Kada ka buga shi.

1. Ki danna ƙarfen a leɓe.
2. Ku zuba wa bawul man girki.
3. A ajiye bakin busa a ƙasa.

C. Kalmar "baki" tana da ma'anoni da yawa. Yi jimla da kowane ɗaya daga cikin waɗannan: bakin busa, bakin kogi, bakin ƙofa, bakin aiki.

JINGA

Nemi wani abin busa na gargajiya a yankinku. Tambayi wani dattijo ko mabushi sunansa, da abin da ake yin sa da shi, da lokacin da ake busa shi. Rubuta jimla goma da Hausa a kansa, ka kuma faɗi ko leɓɓa ne suke karkarwa a cikinsa ko wani abu dabam.